Masu ɗura harsashin Makarov, kurakuran nan sun ishe ni

Tun da Amurka ta hana shigo da harsashin Rasha a 2021, masu ƙaramar bindigar hannu ta Makarov, mai cin harsashin 9x18, da yawa a nan suka koma ɗura nasu a gida, wato sake cika kwanson harsashi da kansu, kuma wallahi kuskure iri ɗaya nake ta gani kamar an haɗa baki.

Akwai masu tsince-tsince a filin harbi. Mutum ya cika leda da kwanso ya taho yana murna, bai san yawancin na Rasha ƙarfe ne ba. Ni maganaɗisu nake fara bin su da shi, duk wanda ya manne sai bola. Sauran kuma in haska tocila ciki, rami ɗaya a tsakiya Boxer ne, ya yi, in ƙananan ramuka biyu ne to Berdan ne, allurar cire firaima (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) zai karya maka.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yanke kwanson wani harsashin daban, 9mm Luger, daga milimita 19 zuwa 18 don a samu na Makarov. Eh ana yi, yana kuma aiki, sai dai gindin kwanson har gobe Luger aka rubuta a jiki! Wani yaro da nake koya wa ya yanke nasa bai sa musu alama ba, ya juye cikin bokitina na Luger wai yana taya ni gyara, ban ankara ba sai da na ɗura da yawa, haka na zauna ina auna su ɗaya bayan ɗaya ina warwarewa, firaima da albarushi duk suka tafi a banza. Kuma asarar ma da sauƙi. Faɗin kan harsashin Makarov inci .365 ne, na Luger .355, in wanda ka ɗura wa Makarov ya faɗa bindigar Luger saboda rubutun gindi ya yaudari wani, hannu da idon mutum ake magana. Haba jama'a, kamfanin Starline na yin kwanson 9x18 sabo fil na tagulla, ku saya mana. In dole sai kun yanke, ku shafa jan alƙalamin maka a gindi, akwatinsu daban.

Kan .355 a Makarov ba ya kama bututu da kyau, kar ka zargi bindigar.

Awon albarushi daga littafin ɗuri na kamfanin Lyman ko Hornady ake ɗauka, a fara da mafi ƙanƙanta, ba daga wani gwanin Facebook ba. Waya kuwa ba ta shiga ɗakin da nake ɗuri, kuma sai na leƙa kowane kwanso kafin in ɗora kai, don zuba awo biyu shi ke fasa bindiga. In ka ji harbi ya yi ƙara ƙasa-ƙasa tsaya nan take ka duba bututu, ƙila kan ya maƙale ciki.

Makarov na cilla kwanso nesa, ka shimfiɗa tamfol ta damanka kafin ka fara harbi.