Kada "crash course" ya faɗar maka da gaba

Ɗan'uwa, in ka sauka Ingila da lasisin tuƙi na Najeriya ko Nijar, wata 12 kacal doka ta yarda ka yi tuƙi da shi. Kafin su cika sai ka nemi lasisin koyo, ka ci jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, sannan ta kan titi. A nan za ka fara cin karo da tallan "crash course". Ba karon mota ake koyarwa ba. Darasin da ake ja wata da watanni ne aka dunƙule cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya saba da sitiyari tun gida zai amfana. Wanda bai taɓa tuƙi ba kuwa, a ganina kuɗinsa zai zubar, don kai ba buhu ba ne da za a yi ta dannawa.

Sai "bootcamp". Asalinsa sansanin horar da kuratan sojan Amurka ne, inda sojojin kundunbala na ruwa ke shan mako 13 ba kama hannun yaro. Yau har koyon kwamfuta da motsa jiki a fili ana kiransu haka. Gwamnatin Ingila ma tana da Skills Bootcamps, kwasa-kwasan da ba su wuce mako 16 ba, kyauta ga mai shekara 19 zuwa sama, kuma a ƙarshe a haɗa ka da masu ɗaukar aiki. Amma fa ka duba ko takardun zamanka sun cika sharaɗi kafin ka sa rai.

A tallan aiki, in ka ga ana neman wanda zai "hit the ground running", ka san ba mai zama ya koya maka, daga ranar farko ake jiran sakamako. In shugaba ya ce "let's crack on", ba faɗa ba ne, cewa yake hira ta ƙare, a zage damtse.

Maganar da ta fi yaudarar iyaye ita ce ta makaranta. Malama za ta yi murmushi, ta yaba wa yaronka, sannan ta ce "he needs to knuckle down". Kai ka taho gida da yabon. Alhali abin da ta faɗa maka shi ne wasa ya yi wa yaron yawa, in bai duƙufa ba jarrabawa za ta kayar da shi.