Kurakuran da ake yi wajen maƙala allon suna a jikin bencin waje

Bara muka yi benci biyu sadaka ga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka ajiye a ƙofar masallacin unguwarmu a nan Sakkwato. Katakon maɗaci ne, kafinta ya shafa masa banish har yana ɗaukar ido. Ƙanena ya kawo ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunan marigayi, ya sa guduma ya buga ƙusa huɗu. Damina ɗaya kacal, baƙin zirin tsatsa ya gangaro daga kowace ƙusa, banish ɗin wurin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa na zauna da kafinta na koyi yadda ake yi kafin mu taɓa benci na biyu.

Babban kuskure shi ne ƙusa. Tana tsaga fuskar katako, ta buɗe wa ruwa ƙofa. Sukuru ake sawa, kuma sai an fara huda ɗan siririn rami wanda bai kai kaurinsa ba. Daga nan a tsoma tsinke a banish, a ɗiga cikin ramin, a bari ya sha iska. Wannan ɗigon ne kusan kowa ke mantawa, alhali ta ramin ruwa ke kutsawa ƙarƙashin shafi ya ɗaga shi.

Sukurun ma ba kowanne ba. Allon tagulla, sukurun tagulla. Allon ƙarfe mara tsatsa, irinsa za a nema. Sai dai tagulla tana da taushi, kan sukurun na iya tsinkewa a cikin maɗaci. Dabarar ita ce a fara ɗaura na baƙin ƙarfe mai girma ɗaya ya share hanya, a kwance shi, sannan a sa na tagullar. Da hannu za a ɗaure, kada a sa inji, domin sukundireba in ta zame sau ɗaya ta ja wa bencin tsaga.

Wasu don gudun huda sai su koma ga gam mai saurin kamawa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ya ƙarko. Katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, ƙarfe kuma yana miƙewa da rana. Gam ɗin ya bushe ƙamas, ranar da allon ya faɗo sai ya taho da banish ɗin. Saboda wannan motsin ne kuma ba a ɗora allo a kan mahaɗar katako biyu, a zaɓi falle ɗaya a jinginar baya, ramukan allon su ɗan fi sukuru faɗi. Kada a sa shi a mazauni, ƙarfen da ya sha ranar azahar ƙona mutum yake yi.

Salatif ma na ɓarna. In za a yi alama, a yi amfani da na takarda irin na masu fenti, a cire shi da an gama. Ya wuni a rana, ya manne ke nan.

Idan bencin na ƙarfe ne, kada a kira mai walda, wuta za ta cinye fentin kewaye. A huda, a shafa fenti a bakin ramin, a ɗaura da noti.

Wajen goge allon, maganin goge tagulla yana dusashe banish, don haka a kwance allon a goge shi gefe. Ƙurar hunturu kuwa a fara kaɗe ta da tsumma mai laushi kafin a sa ruwa, in ba haka ba yashin ne zai kankare shafin. Namu na biyu ya ga damina guda, ko ɗigon tsatsa babu.