Yadda Ake Gane Irin Ƙasar Gona da Kwalba

A haƙa rami mai zurfin santimita 20 a wurare biyar daban-daban cikin gonar, a cakuɗa ƙasar, a shanya ta, a tankaɗe tsakuwa da saiwoyi. A zuba ta a farar kwalba mai miƙaƙƙen jiki har kashi ɗaya cikin uku, a ƙara ruwa ya kusa cika, a sa ƙaramin cokali ɗaya na garin sabulun wanki. Sabulun nan kada a raina shi: idan babu shi yumɓu yakan dunƙule ya nutse da wuri, sai a ɗauka yashi ne.

A girgiza minti biyar, a ajiye. Bayan minti ɗaya yashi ya kwanta, a sa alama. Bayan awa biyu a sake sa wa lallausar ƙasar da ta hau kansa. Yumɓu kuwa sai ya kwana biyu, wani lokaci ruwan ma bai gama washewa ba.

A auna kaurin kowanne da rula, a raba da jimillar kaurin, a ninka da 100. Yashi ya haura kashi 85 cikin 100, jigawa ce: gero da gyaɗa, taki kuma kaɗan-kaɗan, don ruwa na wanke shi. Yumɓu ya kai kashi 40, laka ce mai riƙe ruwa, irin ta shinkafa.