Darasi na 9: Allurar Auta da Makeron Doki

Karatu

A bayan Rigasa akwai wani magidanci mai doki ɗaya, kili, wanda yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. Duk Sallah da shi yake bin ayarin hakimi zuwa hawa a Zariya. Wata rana cikin watan Agusta, ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba, ya kwance sirdi sai ya ga gashi ya zube a inda majayi ke kamawa. Tabo ne zagayayye kamar kwabo, guda huɗu, da fari-fari kamar an barbaɗa toka. Bai yi shawara da kowa ba, ya hau babur ya sayo kwalbar allura da sirinji.

Yana shigowa gida da leda a hannu, autansa ɗan shekara 4 ya hango sirinjin. Yaro ya kwasa da gudu ba takalmi, ya faɗa barga, ya taka tsohuwar ƙusa.

Uwargida ta fito tana salati. "Malam, ka ga abin da ka jawo mana!"

"Ni na jawo? Ke ce kullum in ya yi ɓarna sai ki ce za ki kira mai allura."

Ta yi shiru, domin ta san gaskiya ya faɗa. Da ta ɗauki yaron tana wanke masa ƙafa, sai ta ga wani tabo zagayayye a damtsensa, sak irin na dokin.

A ranar gida ya rabu biyu. Uwargida ta goya Auta zuwa asibitin sha-ka-tafi, maigida kuma ya kira likitan dabbobi. Likita ya duba tabon, ya karɓi kwalbar ya karanta, ya ce, "Malam, ajiye wannan. Dokinka wanka yake buƙata. Yaronka ne ke buƙatar allura."

Abin da ya kama dokin

Makero ne, irin wanda muka sani a kan yara. Ƙwayar da ke kawo shi dangin funfuna ce, tana zaune a gashi da saman fata, ba ta shiga jini. Shi ya sa allurar fenisilin da makamantanta ba sa yi mata komai, domin su bakteriya suke kashewa. A cikin ajinmu na sha jin ana cewa allura ta fi ƙwayar magani ƙarfi, ƙwaya ta fi man shafawa. Wannan magana ta cinye wa mutane kuɗi da yawa. Ƙarfin magani yana wajen dacewarsa da ciwo.

Makero yana bin kayan doki: majayi, da jalala, da ragama, da buroshi. In ka ari sirdi ranar hawa, ko aka ari naka, kana iya ganin tabo bayan mako 1 zuwa 4, lokacin har ka manta da aron. Yana kuma tsallakawa daga doki zuwa mutum, musamman yara masu rungumar wuyan doki.

Akwai wani ciwon da ake rikita shi da makero. Masu shanu sun san shi da kirci, kuma yana kama doki. Ɗan damina ne. A Kaduna ruwa kan fara wajen Mayu ya kai Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, kuma dokin da ke kwana a turke ba rumfa fatarsa ba ta bushewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: fata ta jiƙe ta yi laushi, kaska da ƙuda sun huda ta, ƙwayar ta samu ƙofa. Alamarsa ɓawo ne a gadon baya da ɗuwawu. In ka ɓamɓare ɓawon, sai ya taho da tukun gashi, ƙarƙashinsa ja, wani lokaci da mugunya. Kirci bakteriya ce, don haka in ya yi tsanani likita kan haɗa da allura. Amma ko shi, rabin maganinsa rumfa ce.

In doki yana ta gogar bango da turke har ya ji wa kansa ciwo, a yi zaton ƙazuwa ko kwarkwata. Likita zai kankari fatar ya duba.

Yadda ake wankin

Ka raba dokin da sauran dabbobi, ka hana yara zuwa wajensa. Ka sa safar hannu, ko leda in babu. Ka rage gashin da ke kewaye da tabon da almakashi, ka tattara gashin ka ƙone, kada iska ta kwashe shi. Sai ka jiƙa wurin da ruwa mai ɗumi, ka sa sabulun maganin da likita ya ba ka, galibi mai aidin ne. Ka murza har ya yi kumfa.

Nan ne mutane ke kuskure. Suna sa sabulu su ɗauraye nan take, kamar wankin kwano. Kumfar nan tana buƙatar minti 10 a jikin fata kafin ta yi aiki. Ka duba agogon wayarka. In ya nuna 7:20 lokacin da ka gama murzawa, sai 7:30 za ka ɗauraye. Bayan nan ka tsane da tsumma mai tsabta, ka bar dokin a hantsi ya bushe sarai.

In kirci ne, kada ka fizge ɓawo a bushe, zafi gare shi, kuma doki ba ya manta hannun da ya cuce shi. Ka jiƙa har ya yi laushi, sannan ka ɗaga shi a hankali. Likita ne zai faɗa maka sau nawa za ka maimaita a mako. Kada ka daina don ka ga tabo ya dushe, sai sabon gashi ya fara tsirowa.

Wankin doki ba tare da wankin kayansa ba, aikin baban giwa ne. Buroshi da bokiti da ragamar igiya a jiƙa su a ruwan bilic irin su Jik ko Hypo, kofi 1 a cikin kofi 10 na ruwa, a ɗauraye, a shanya. Jalala a wanke a baza ta a rana. Kada a ɗora sirdi a kan tabo ko miki, ko da kuwa gobe ce Sallah. Na san wannan da ciwo, amma hawan kwana ɗaya a kan miki yakan zama jiyyar wata biyu.

Abubuwa uku kada su kusanci fatar doki. Baƙin man inji yana ƙona fata, in doki ya lasa ya cutu. Ruwan batir kuwa ba sai na yi bayani ba. Na uku shi ne wanda nake so kowa a ajin nan ya iya karanta sunansa, domin ana sayar da shi a inda ake sayar da maganin shanu: AMITRAZ. Maganin kaska ne mai kyau ga saniya, amma ga doki guba ne. Yana tsayar masa da hanji, kashi ya ƙi fita, ciki ya kumbura, har ya kai ga mutuwa. Kafin ka sayi maganin kaska, ka juya kwalbar ka nemi haruffan nan bakwai. In ka gan su, ka ajiye.

Haka nan aibamaktin, maganin tsutsar ciki. Na doki ta baki ake ba shi. Wanda ake tsira wa shanu in aka tsira wa doki a tsoka, wurin kan kumbura ya ruɓe. Fenisilin mai kauri, fari kamar madara, in ya kuskure ya shiga jijiyar jini, doki kan haukace nan take, ya yi ta tsalle ya faɗi. Saboda haka tsira wa doki allura aikin wanda ya koya ne, kuma da sabuwar allura kowane karo.

Ranar da likita zai yi allurar, ka riƙe ragama da hannunka, kada ka ɗaure shi tamau a turke. Ka tsaya daidai kafaɗarsa, a ɓangaren da likita yake. Ka shafa wuyansa kana yi masa magana, da ɗan dusa a kwano. Bulala ba ta da aiki a nan.

In ka ga kumburi ƙulu-ƙulu a jere kamar carbi, a ƙafa ko ƙirji ko wuya, suna fashewa suna zubar da mugunya, wannan ya wuce wanka. Ka ware dokin ka nemi likita a ranar. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a cikin Kaduna, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Mu koma kan Auta

Me ya sa ƙusar barga ta fi tayar da hankali? Ƙwayar ciwon sarƙe haƙora tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, har da na doki, kuma tana son rauni mai zurfi da ƙaramin baki, irin na ƙusa. Ɗan gidan da ake kiwo ya fi kowa buƙatar rigakafinsa ya cika. Shi kansa dokin ciwon yana kashe shi, kuma akwai rigakafinsa na dawaki.

Rigakafin sarƙe haƙora yana cikin allurar nan da ake ce wa fenta, wadda ake yi wa jariri a cinya yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Ita ce kuma ke tsare mashaƙo, cutar da ta ɓarke a Arewa a 2023 ta ɗauki yara da yawa. A wata 9 ana yin ta ƙyanda da ta shawara, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Duk suna rubuce a katin yaro, da ranar dawowa. Don haka in yaro ya ji rauni, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a tafi asibiti da katin a hannu.

Yanzu ga tambaya. Wa ya koya wa Auta tsoron allura? Jariri yana kuka don zafi, ya sha nono ya manta. Amma ɗan shekara 4 da ke gudu don ya hango sirinji a leda, wannan an daɗe ana gina shi. "Ka ci abinci ko a yi maka allura." "Ka yi shiru, ga likita nan." Mun mai da malamar asibiti dodo, ranar da muke buƙatarta kuma mu ce yaro ya cika taurin kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Shi Auta ko saran bai sha ba, labarin macijin kawai aka cika masa kunne da shi.

Kuskure na biyu shi ne ƙarya. "Zo mu je sayen alewa," sai ga shi a bencin asibiti. Ko a ce masa, "Ba zafi." Akwai zafi, kuma zai ji. Daga ranar ya gane maganar uwarsa a ƙofar asibiti ba abin kamawa ba ce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage wa yara zafin rigakafi, kuma a ciki ta hana irin wannan rarrashin na ƙarya. Gara ki ce, "Za ka ji kamar cizon cinnaka, kafin mu ƙirga biyar an gama, ina riƙe da kai."

Jariri a sa shi a nono kafin a tsira, a bar shi yana sha har a gama. Wannan yana rage masa zafi sosai, kuma ba ya ƙwarewa. Yaron da ya tasa a zaunar da shi a cinya, ƙirjinsa a jikin uwa ko uba, a rungume shi. Kada a kwantar da shi mutum uku su danne kamar ragon layya. Allurar za ta shiga, amma tsoron ya ninka. A ɗauke masa hankali da waƙa, ko tatsuniya, ko a ce ya hura iska kamar yana hura wuta. Ga ɗan mai doki abin da sauƙi: a tambaye shi me dokin Baba ya ci da safe. Ke ma ki saki fuska. In kin runtse ido kina "wayyo", ya gama karanta ki.

Iyaye maza, kalmar nan "namiji ba ya kuka" a bar ta a gida. Ya yi kukansa, in an gama a ce masa ya yi ƙoƙari. Manyan yara da kan ji jiri a yi musu a zaune, su ɗan huta kafin su miƙe. Ɗan zazzaɓi ko kumburin kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Kada a murza wurin, kada a gasa. In zazzaɓin ya yi zafi ƙwarai, ko yaro ya ƙi nono, ko ya suma, a koma asibiti.

Tabon damtsen Auta kuwa man shafawa aka ba shi, na makonni. Da a ka ne, sai an haɗa da na sha, domin man shafawa ba ya kai wa ga saiwar gashi.

Aiki

Karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta kowace sau uku: allura, makero, kirci, majayi, ƙusa, ɓawo, rigakafi. Kula da ƙugiyar ƙ da ta ɓ. Kusa daban, ƙusa daban; bawo ba ɓawo ba ne.

Lissafi: an haifi jariri ranar Litinin, 3 ga wata. Mako 6 kwana nawa ne? Wace rana ce ta mako za a kai shi fenta ta farko? In kana da kofi 30 na ruwa a bokiti, kofi nawa na bilic za ka zuba?

Mako mai zuwa kowa ya zo da katin rigakafin ɗansa ko jikansa, za mu nemo ranar dawowa tare. Mai dabba kuma ya zo da kwalbar maganin da ke ɗakinsa, ko da ta ƙare, mu karanta abin da ke jikinta.