Aikin kodin (rubuta manhajar kwamfuta) daga gida a Legas: fara da wuta kafin lissafin dala

Duk wanda yake fita daga Agege ko Mile 12 da asuba ya nufi Island ya san daɗin aikin rimot, wato yin aiki daga gida ta intanet, ba rububin danfo ba gosulo a gadar Third Mainland, in kuma kamfanin waje ne ya ɗauke ka to da dala za a biya ka. Sai dai duk abin da ofis yake ba ka kyauta yanzu daga aljihunka zai fita.

Wuta ce farko malam. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 duk yunit, wai awa 20 za a riƙa ba su a rana, janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama sai mai hali. Ni dai shawarata albashin farko ka zuba shi a inbata da batir ko da ƙarami ne, wanda zai riƙe laftof da rauta da fanka, sola ta biyo baya, don bature ba ruwansa da "an ɗauke nepa" ana tsakiyar mitin.

Intanet ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ɗaya a rauta ɗaya a waya. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, ma na nan in aljihu zai ɗauka.

Sai lokaci, nan ne mutanenmu suke shan wahala. In kamfanin Amurka ne, muna gaba da New York da awa 5 ko 6, wato mitin ɗinsu na goman safe wajen La'asar yake faɗo maka, na California kuwa kan Magariba, to tun ranar farko ka toshe lokutan sallah da Juma'a a kalandarka ka faɗa wa manaja, yawanci ba sa damuwa in dai sun sani da wuri, abin da suka tsana shi ne a neme ka a Slack, manhajar saƙon ma'aikata, a ji shiru.

Mutanen gida kuma tunda suna ganinka a ɗaki da gajeren wando to kai ne ɗan aike, je ka sayo gas, kai Hajiya asibiti. Ka zaunar da su cikin ladabi ka ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza kana ofis, ka rufe ƙofa.

In sabon shiga ne kai gaskiya ban so ka kulle kanka a ɗaki, bog ɗin (kuskure a kodin) da na kusa da kai zai gano a minti biyar sai ya cinye maka wuni. Ka riƙa leƙa wuraren aikin haɗaka na Yaba ko sau ɗaya a sati, akwai wuta da intanet, kuma a bakin mutanen wurin ake jin inda ake ɗaukar aiki.