Darasi na 7: Ɗauko kayan aiki daga rumbun Python

Manomi ba ya zama ya ƙera galma kafin ya tafi gona. Maƙeri ya riga ya ƙera, shi dai ya ɗauka ya saɓa a kafaɗa. Haka abin yake a Python, yaren kwamfuta da Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holand, ya fitar a 1991. Ranar da kuka saka shi a kwamfuta, ko kuka saka Pydroid 3, manhajar rubuta Python, a waya, ya zo da rumbunsa cike da kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada. Kowane ƙunshin kaya ana kiransa modul. Ba a sayensa, ba ya cin kuɗin intanet. Sai dai ba ya fitowa da kansa, sai an kira shi da suna, kuma kalmar kiran ita ce import.

Mu fara da lissafin da kowa ya sani a babbar kasuwar Maradi. Ɗan kasuwa yana da gero tiya 250, kowane buhu yana ɗaukar tiya 40. Buhu nawa zai saya? Idan kuka raba, amsa 6.25 ce. Ku lura, a makaranta an saba rubuta 6,25 da waƙafi irin na Faransanci, amma Python ɗigo yake so. To, ba wanda zai je wurin mai buhu ya ce a ba shi shida da kwata. Bakwai zai saya, ko da na bakwan bai cika ba. Ku rubuta:

import math
print(math.ceil(250 / 40))

Allo zai nuna 7. Layin farko ya ɗauko ƙunshin lissafi, wato math. A layi na biyu mun faɗi sunan ƙunshin, muka sa ɗigo, sannan sunan abin da muke so a ciki. Shi ceil aikinsa ɗaya, ya ɗaga lamba zuwa cikakkiyar lambar da ke sama. Ɗigon nan kamar a ce "galmar gidan wane" ne, ana faɗin gida kafin a faɗi kaya.

Yanzu ku goge layin farko da gangan, ku sake gwadawa. Jan rubutu zai fito, a ƙarshensa NameError. Kada gabanku ya faɗi, ba abin da ya lalace. Kwamfuta cewa take yi ba ta san math ba, tunda ba ku kira shi ba. Ina so kowa ya ga wannan kuskure da idonsa a nan aji, domin ranar da ya same shi shi kaɗai a gida ya gane fuskarsa. Shi ya sa ake ajiye import can sama, kafin komai. Kuma da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi: Math da babban baƙi ba ɗaya ba ne da math.

Mata masu adashe, wannan naku ne. Rigimar wa za ta fara kwasa ta ɓata zumunci da yawa. Ƙunshin random yana yin ƙuri'a:

import random
suna = ["Hadiza", "Mariyama", "Rabi", "Zainabu"]
random.shuffle(suna)
print(suna)

Duk lokacin da kuka kunna, sai ya sake cakuɗa sunayen. Don haka a yi sau ɗaya tak, a gaban kowa, uwar adashe ta rubuta jerin a takarda. Idan aka ce a sake har sai ya yi wa wata daɗi, an koma gidan jiya.

A nan ne wata ɗalibata ta sha wuya bara, kuma ni ma sai da na daɗe ina duba kafin na gano. Rubutunta daidai yake, harafi bayan harafi, amma AttributeError ke ta fitowa. Ashe da za ta adana aikin, sai ta sa masa suna random.py. Python kuwa yakan fara leƙa wurin da aikinku yake kafin ya je rumbunsa, sai ya ɗauko fayil ɗinta a madadin na gaskiya, ya nemi shuffle a ciki ya rasa. Muna canja suna zuwa adashe.py, komai ya tafi daidai. Kada ku sa wa aikinku sunan modul, ko math.py ko random.py.

Akwai wata hanyar kira, idan abu ɗaya kawai ake so daga ƙunshi:

from datetime import date
shuka = date(2025, 6, 15)
girbi = date(2025, 9, 15)
print((girbi - shuka).days)

Amsa 92, kwanakin da ke tsakanin shuka da girbi, ba ƙirga da yatsu, ba tambayar wane wata ke da 30 wane ke da 31. Shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana, akasin yadda muka saba a takardun hukuma. Wanda ya juya zai ga ValueError, wato kwamfuta ba ta yarda da lambobin da ya ba ta ba.

Za ku ji ana maganar pip. Da shi ake sauko da kayan da ba su cikin rumbu, kuma shi yana bukatar intanet. Sai darasi na gaba.

Aikin gida: mota tana ɗaukar mutum 18, masu zuwa biki Tasawa su 100 ne. Ku nemi yawan motoci da math.ceil. Sannan ku lissafa kwanakin da suka rage daga ranar darasin nan zuwa 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya. Wanda jan rubutu ya fito masa, ya kwafe layin ƙarshe a littafinsa yadda yake, ya zo da shi aji.