Kurakuran da muke tafkawa bayan hatsarin bas, har haƙƙin mutum ya salwanta yana ji yana gani

Bara waccan ana saura sati uku babbar sallah yayana ya hau bas a Kwangila cikin Zariya zai je Kano sarin yadi a Kwari, tela ne, shagonsa na Tudun Wada. Basu kai Tashar Yari ba tayar gaba ta fashe, motar ta yi ta ƙundumbala har cikin gona. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma shi ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, wato ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Ni na yi jinyarsa, kuma kusan duk kuskuren da zan faɗa a nan mu da kanmu muka yi shi, don haka kar wani ya ɗauka wa'azi nake daga kan kujera.

Abin yana farawa tun kafin a tashi. Da yawanmu bama son shiga tasha saboda jiran lodi da kuma ɗari biyar ɗin da za a ƙara, sai mutum ya tsaya bakin titi a Ɗan Magaji ko ƙasan gadar Kwangila ya tare duk motar da ta zo. Lodin hanya kenan, babu wanda ya san ka shiga motar in banda kai da direba. Wanda ma ya shiga tasha idan aka miƙo takardar manifes sai ya rubuta sunan banza da lambar waya da bata aiki, ko ya ce wa na kusa dashi dan Allah rubuta min. Takardar nan ita ce shaidar farko cewa kai fasinjan motar ne ranar, kuma da ita ake kiran 'yan'uwanka idan baka iya magana. Rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne, sannan ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida ta WhatsApp, ko minti ɗaya bazai ci maka ba.

A wajen hatsarin kuma, mutanenmu akwai zuciyar taimako wallahi, amma taimakon wani lokaci shi ke ƙarasa mutum. A finciko shi ta taga, a zaunar da wanda wuyansa ko bayansa ya bugu, a ɗura masa ruwa alhali ko numfashi baya yi da kyau. In dai ba wuta ake tsoro ba, wanda ya ce baya jin ƙafafunsa ko wuyansa na ciwo ba a lanƙwasa shi, a samu katako ko wani abu mai faɗi a ɗauke shi a miƙe, jini kuma a danne shi da tsumma mai tsabta. Lambar 'yan kiyaye haɗurra 122 ce, kyauta ake kira, akwai kuma 112. Masu ɗaukar bidiyon fuskokin mutane suna watsawa tun iyalansu basu ji ba, ku dai ji tsoron Allah. In ɗaukar kake so ka ɗauki abin da zai yi amfani gobe, lambar mota gaba da baya, tayar da ta fashe da yadda ta cinye, sawun burki a kwalta, yawan kayan da aka labta, ka kuma karɓi lambar mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu. Mu ko ɗaya bamu yi ba. Kwana biyu da muka koma an janye motar, tayar ma wa ya san inda ta yi.

Sai maganar wai asibiti bazasu taɓa mutum ba sai an kawo takardar 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a sashe na 20 ta hana duk wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A fara ceton rai tukuna, rahoto ya biyo baya.

Kuskuren da ya fi yawa kuma shine na wanda ya fito da ƙafarsa ya kakkaɓe riga ya ce Alhamdulillah ni ban ji komai ba, ya tari wata mota ya wuce. Jiki da zafinsa baya faɗin gaskiya. Jini na iya taruwa a ciki ko a kai sai bayan awanni mutum ya fara amai ko jiri ko barcin da ba a gane kansa ba. Je a duba ka ranar, a buɗe maka kati a rubuta cewa hatsarin mota ne da kwanan wata. Idan bayan sati biyu bayanka ya riƙe, wannan katin ne kaɗai zai haɗa ciwon da hatsarin, in babu shi kowa zai ce dama can kana da abinka.

Mu namu ya fi haka muni. Dattawan gida suka ce asibiti yanke ƙafa za su yi, a kai shi wajen mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, akwai targaɗe da ƙananan karaya da suke yi a warke, amma ƙashin cinya da ya rabu biyu ba tare da an ɗauki hoto ba, ai lalube ne cikin duhu. Sati biyar yana kwance a ɗaki da karare a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta gajarce, daga ƙarshe dai asibitin koyarwa na Shika muka nufa aka yi aiki aka sa ƙarfe. Banda wahalar da ya sha, sati biyar ɗin nan babu ko takarda ɗaya da ke nuna abin da aka kashe, mai ɗori baya ba da rasit.

Rasit kam ku riƙe shi kamar kuɗi. Na kati, na hoto, na jini, na magani ko a kemis aka saya a ce su rubuta, har kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa a samu ɗan littafi ana rubutawa. A roƙi likita rahoton asibiti mai hatimi da ya faɗi irin raunin da kuma ko zai bar nakasa. Tela ko ɗan kasuwa ya ajiye littafin cinikinsa, domin asarar watannin da bai yi aiki ba ita ma ana nemanta.

Haka rahoton 'yan sanda. Mutanenmu da sun ji ofishin 'yan sanda sai su ce a'a mu bama son kes. Toh ai ba kai ake tuhuma ba. Sashen da ke kula da haɗurran mota a ofishin da abin ya faru a yankinsu su ke zana yadda hatsarin ya auku, su ɗauki bayanin direba da takardun mota, kuma kamfanin inshora abu na farko da zai tambaya kenan idan akwai rauni ko mutuwa. Eh na sani akwai jeka ka dawo, akwai kawo na biro da takarda, amma ba tare da rahoton ba maganarka ce kawai da ta direba.

Yanzu ga inda ya fi min ciwo. Kwana huɗu da hatsarin aka yi sallama, mutum uku, wani dattijo daga tasha da ƙanin mai motar da direban da kansa hannu a naɗe da bandeji. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, suka ajiye katan ɗin lemo da ambulan mai dubu hamsin. Dattijon ya yi ta jan magana, ƙaddara ta riga fata, tsautsayi baya wuce ranarsa, yaron nan marayu yake riƙo. Kawunmu ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, mun yafe duniya da lahira. Sai ƙanin mai motar ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya ce to Baba a ɗan sa hannu a nan saboda 'yan sanda su saki mota. Turanci ne, babu wanda ya karanta, kawu ya sa hannu, aka kai wa yayana ciki ya dangwala. Daga baya wani ɗalibin lauya a harabar ABU ta Kongo ya karanta mana, ashe cewa take mun karɓi dubu hamsin a matsayin cikakken biya kuma bamu da sauran magana. Aikin ƙafar kaɗai ya ninka kuɗin nan sau da yawa, sai da aka sayar da keken ɗinki ɗaya da filin matarsa.

Ba ina cewa yafiya laifi bace, kuma sulhu alheri ne, nima da ni ne a zauren ƙila abin da zan faɗa kenan don kunya. Amma mai ƙafar shi ke da haƙƙin yafewa ba kawu ba, kuma ranar ko shi bai san abin da yake yafewa ba tunda ba a san ko ƙafar za ta koma daidai ba. Abin da ya kamata mu ce shine mun gode da zuwa, Allah ya saka, a bari likita ya gama magana sai mu zauna. In sun kawo wani abu a karɓa a rubuta cewa gudummawar jinya ce ta yanzu. Duk takardar da baka fahimta ba kuwa kar ka sa hannu, ko waye ya kawo ta. Addini ma bai ce ƙaddara tana share haƙƙi ba, a Suratun Nisa'i aya ta 92 kisan kuskure an ɗora masa diyya da kaffara, sai dai in magada ne suka yafe diyyar da kansu. Kuskure ne fa aka ce, amma duk da haka akwai biya.

Wani abin da ke sa mutane saurin haƙura shine suna kallon direba kaɗai. Talaka ne, balas yake kaiwa kullum, me zaka samu a jikinsa. Gaskiya ne, amma a doka idan direba ya yi sakaci yana cikin aikin ubangidansa, mai motar ko kamfanin sufurin shima yana ɗaukar alhaki. Ballantana in sakacin na mai motar ne kai tsaye, tsohuwar taya da ta gama aiki a Turai, burkin da aka daɗe ana lallaɓawa. In kuma wata motar ce ta jawo, misali tirela ta tsaya tsakiyar hanya da dare ba alama sai ganye, to mai tirelar ake bi. Shi yasa lambar kowace mota da ke cikin hatsarin take da muhimmanci.

A bayan mai mota kuma akwai inshora, wadda yawancinmu muka ɗauka takardar nuna wa 'yan sanda da KASTLEA, masu kula da dokar hanya a jihar Kaduna, ce kawai. Tun dokar 1945 wajibi ne duk motar da ta hau titi a Najeriya ta kasance da inshorar da ake kira tad fati, wato wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ba kai ko motarka ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kuɗin inshorar Keke Napep 5,000, babur 3,000, manyan motocin dakon kaya 100,000. Miliyan 3 ɗin nan ta dukiya ce, mota ko shago ko katangar da aka rushe, rauni da rai lissafinsu daban. 'Yan sanda sun fara kamen marasa ita gadan-gadan daga 1 ga Fabrairun 2025, sannan a cikin shekarar 2025 ɗin Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora. Mai jin ƙyanƙyamin inshora saboda addini akwai takaful, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi.

Matsalar ita ce jabu. Mai mota ya ba wani ejan a gindin bishiya kuɗi ya haɗo masa fatikula, wato takardun mota, gaba ɗaya, a kawo takarda mai kyau da tambari, ranar da abu ya faru a je a tarar kamfanin bai san da ita ba. Dubawa ba wuya, danna *565*11# a waya ka sa lambar motar, ko ka shiga askniid.org, zai nuna ko tana cikin rajista. Ɗaya matsalar kuma ita ce a yi wa Sharon ko Golf inshorar motar gida alhali haya take yi Zariya zuwa Funtua kullum, kamfani na iya cewa ba haka muka yi da kai ba. Ku masu motoci ku faɗa musu gaskiya motar fasinja ce, ku tambaya ƙarara ko fasinjojin ciki suna cikin abin da aka rufe, kuma hatsari na faruwa ku sanar da kamfanin a rubuce cikin gaggawa kafin ku fara yawon sulhu, yawancin takardun inshora sun sharɗanta haka. Kamfani in ya tsaya wasa da biya ana kai ƙorafinsa NAICOM.

Jinkiri ma yana kashe magana. Kowace ƙara tana da wa'adi, in kuma motar hukuma ce ta buge ka akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ta ba da wata uku kacal, kana kwance kana jinya lokaci na tafiya. Ba sai ka warke ba, tura wani ya ga lauya tun a satin farko. Ganin lauya ba shiga kotu bane, sau da yawa wasiƙa ɗaya zuwa ga mai mota da kamfanin inshorarsa ta isa a zauna a yi magana ta hankali. Wanda bashi da hali akwai hukumar Legal Aid ta gwamnatin tarayya, suna da ofis a Kaduna, kuma neman diyyar hatsari na cikin abin da doka ta basu su yi wa talaka kyauta.

Mu dai lauyan da muka gani daga baya ya juya takardar zauren nan gaba da baya, ya tambayi rahoton 'yan sanda babu, hoton mota babu, rasit na sati biyar ɗin farko babu. Ya ce ana iya gwadawa amma zai ɗau lokaci kuma bai yi alkawarin komai ba, yayana ya ce a barshi ya gaji. Ya koma shago yanzu, da ƙafar hagu yake taka keken in babu wuta. Lambar bas ɗin da muka samo daga baya a wajen wani fasinja na danna ta a *565*11# don in gani kawai, ashe inshorarta ta gaske ce, kuma ranar hatsarin saura wata huɗu ta ƙare.